Wa ya taɓa haɗa kiran intanet da tsohuwar wayar tebur ta gida?

Dan_Bolari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen masu ilimin waya. Mahaifiyarmu tana nan Gombe tare da mu, shekaru sun ja, ga yanar ido ta rage mata gani. Babban yayanmu yana aiki a Ingila, ƙanwarmu tana aure a Legas, kuma dukansu ta WhatsApp suke kira. Mun saya mata babbar waya, amma shafa gilashin nan ya gagare ta. Kira zai shigo, garin ɗauka ta katse shi, ko wayar ta shige ƙarƙashin filo har ta gama ruri ba a gan ta ba. In yara sun tafi makaranta mu kuma muna kasuwa, to ranar ba mai samunta.

Akwai wayar tebur da marigayi Baba ya bari tun zamanin NITEL, mai maɓallai, ƙararta har zaure ake ji. Ita kam Hajiya ta san kanta: ta yi ƙara ka ɗaga, ka gama ka ajiye. Wani ya ce mini akwai 'yar na'ura, adafta, da ake jona wa irin wannan waya sai kiran intanet ya riƙa shigowa ta cikinta. Gaskiya ne? Kiran WhatsApp zai shiga? Wace iri zan saya, kuma me ake buƙata tunda layin ƙasa ya daɗe da mutuwa? Wanda ya taɓa haɗawa da hannunsa don Allah ya taimaka.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Wallahi kamar gidanmu ka leƙa. Kakarmu a Kumo haka take fama, sai an aiki yaro daga maƙwabta ya zo ya ɗauka mata. Ina nan ina bibiya.

MaiGyara_Wunti:
Malam Dan_Bolari, na'urar akwai ta, ATA ake ce mata. Amma kada ka fitar da kuɗinka da niyyar WhatsApp zai shiga cikinta, ba zai shiga ba. WhatsApp ba ya hulɗa da kowace na'ura sai manhajarsa, ita kuwa ATA wani tsarin kiran intanet ne daban take ji, SIP. Ni shawarata ka huta da wahala, ka saya mata wayar tebur mai sim. Siffarta ɗaya da wadda ta saba, tana da batir, tana da eriya, ka sa sim ka ajiye mata a gefen gado. Muna sayar da su a nan Bauchi, kuma na tabbata babbar kasuwar Gombe ba za a rasa ba.

Dan_Bolari:
Na gode maigida. Na yi wannan tunanin, kuma ga ƙanwarmu ta Legas ya wadatar. Matsalar Yaya ce. Kira daga Ingila zuwa lambar Najeriya kuɗi ne ba kaɗan ba, shi kuma in ya kama hira da Hajiya ba ya jin kira. Da can Skype yake sa wa kuɗi ya kira layinta, to an rufe Skype ɗin a watan Mayun 2025.

Injiniya_Tumfure:
Mai gyara ya yi gaskiya a kan WhatsApp, amma kada a rufe maganar a nan, don abin da Dan_Bolari yake so mai yiwuwa ne, hanya kawai za a sauya.

Adaftar tana da kafa iri biyu. Babba ta intanet, wadda ake haɗawa da rauta da kebul, sai ƙarama wadda ake soka igiyar wayar tebur. Aikinta ta mayar da murya data, data kuma ta mayar da ita murya, sannan ta ba wayar wuta da ƙarar shigowar kira kamar yadda layin kamfani yake yi a da. Ke nan ba ruwanka da layin ƙasa. Intanet ake so a gidan, ko da na rauta mai sim ne.

Daga nan sai a buɗe asusun SIP uku a saba (server) guda, wato kwamfutar da ke intanet tana haɗa kira tsakanin masu asusu. Ɗaya a zuba shi cikin adaftar, ya zama lambar Hajiya. Ɗaya Yaya ya sa a wayarsa cikin manhaja irin su Linphone ko Zoiper, na ukun ƙanwarku. Yaya yana danna sunan Hajiya a manhajar, kiran zai biyo intanet daga Ingila ya sauka cikin adaftar, wayar tebur ta kama ruri a Bolari. Daga asusu zuwa asusu a saba ɗaya ba a biyan ko sisi, data kawai ake ci. Linphone ma kyauta suke ba da asusu.

Wadda za ka nema: Grandstream HT801 mai kafar waya ɗaya, ko HT802 mai biyu. Akwai tsofaffi irin Cisco SPA112 da Linksys PAP2T a kayan gwanjo, amma a yi hattara, wasu a kulle suke zuwa daga kamfanin da ya raba wa kwastomominsa a can waje, ba sa karɓar sabon saiti.

Maman_Ilham:
Injiniya, datar fa? Kada a gudu daga kuɗin kati a faɗa kuɗin data. Tun da aka yi ƙarin nan na farkon 2025 data ba ta auki.

Injiniya_Tumfure:
Hajiya, murya ba ta cin data sosai. Akwai tsarin matse murya kala-kala a cikin saitin. G.711 shi ya fi fitar da murya tangaran, kilobit 64 a daƙiƙa, in aka haɗa da kayan rakiyarsa da zuwa da dawowa zai ci MB ɗaya da ɗan wani abu a minti. G.729 kilobit 8 ne, wajen rabin MB a minti ke nan, kuma ya fi jure raunin sabis. Hirar awa guda ba ta kai abin da yaro zai ƙone yana kallon bidiyo na 'yan mintuna ba.

Abban_Hafsa_Azare:
Ni ban yarda a ce WhatsApp ba zai shiga wayar tebur kwata-kwata ba, don a gidana yana shiga. Ba ATA nake amfani da ita ba, wani akwati ne na Bluetooth, XLink sunansa, akwai kuma wani Cell2Jack. Babbar wayar tana haɗuwa da akwatin kamar yadda take haɗuwa da rediyon mota, shi kuma akwatin yana da kafar wayar tebur. Sai ka bar babbar wayar a jone da caji a kan kanta, duk kiran da ya shigo wayar tebur ta yi ƙara. Na sim yana shiga, na WhatsApp ma a wayata yana shiga. Ba asusu, ba saba, ba sai an ce wa Yaya ya sauke wata manhaja ba. Mahaifina da shi yake amsa kiran jikokinsa na Kano.

MaiGyara_Wunti:
@Abban_Hafsa_Azare ai ba mu saɓa ba, ni ATA na ce. Naka kuwa WhatsApp ɗin yana nan cikin babbar waya, muryar ce kawai ake miƙawa. Amma ka gaya masa sauran: ba kowace waya ke tura ƙarar kiran WhatsApp ta Bluetooth ba. An kawo mini irin akwatin nan shago, wani samfuri dai, kiran sim yana ruri lafiya lau, na WhatsApp shiru, sai an fara ɗauka a babbar wayar sannan murya ta koma ta tebur. In haka ta faru an koma gidan jiya, don ɗaukar ce ta gagari Hajiya.

Abban_Hafsa_Azare:
Haka ne, ya danganta da wayar. Shi ya sa in mutum zai saya ya nemi a gwada da wayar da za a bari a gida, ba wata ba. Kuma kada su yi nisa da juna, Bluetooth wajen mita 10 yake kaiwa, bango mai kauri kuma yana rage shi.

Baba_Tsohon_Maaikaci:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna mini wannan hirar, na ce sai na sa baki, don aikin da na ci abinci da shi ke nan. Tun ana P&T, hukumar gidan waya da sadarwa, na shiga, kafin a haɗa ɓangaren waya na P&T da NET, kamfanin kiran ƙasashen waje, a 1985 a samar da NITEL. Lambar Bauchi 077, Gombe 072, Azare 071, Jos 073. Wanda ya taɓa tsayawa layi a ofishin waya don ya kira ɗansa a Legas ya san abin da nake faɗa. GSM ta shigo a watan Agustan 2001, daga nan layin ƙasa ya fara ja da baya, har aka sayar da kadarorin NITEL ga kamfanin NATCOM, suka fito da ntel a 2016.

Dan_Bolari, kafin ka sayi komai duba wayar nan da kyau. Na farko, igiyarta. In kanta ɗan ƙaramin roba ne mai haske, RJ11, to zai shiga adafta kai tsaye. In kuwa dogo ne fari irin na Ingila, ko tsirarun wayoyi ne da ake ɗaurewa da sukuru a bango, sai an sauya kai. Na biyu, a ƙasanta ko a gefe akwai ɗan makunni mai T da P. Ka tura shi kan T. A kan P tana aika lamba ne da ƙyafce-ƙyafce irin na wayar da ake juyawa da yatsa, ba kowace adafta ke gane wannan ba. Na uku, in ƙararrawar ƙarfe ce a ciki ba ta lantarki ba, tana son wuta mai ƙarfi kafin ta kaɗa. A zamaninmu volt 48 ke zaune a layi, in za a kaɗa ƙararrawa a turo wajen 75 zuwa 90. Ƙaramar adafta wani lokaci sai ka ji ƙararrawar tana rawa kawai ba ta bugawa.

Dan_Bolari:
Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, ƙaramin kan ne mai haske, makunnin kuma yana kan T. Ƙararta irin ta lantarki ce.

Baba_Tsohon_Maaikaci:
To alhamdu lillahi, ta yi. Ka goge bakin igiyar, shekaru suna sa shi tsatsa.

Alhaji_MudaLawal:
Ku yi haƙuri zan shigo da tawa, don kusan abu ɗaya ne amma a juye. Ni ina zuwa Sin saro kaya, Guangzhou. A can WhatsApp ba ya aiki sai da dabara, kira da layina na gida kuma tsada kamar me. In na kira da lambar can, yaran shago da kwastomomi ba sa ɗauka, suna zaton 'yan damfara ne. Abin da nake so shi ne in kira daga wayata ta intanet, kiran ya sauka a wata na'ura a gidana a Bauchi, daga nan ya fita ta layina na Najeriya, wanda na kira ya ga lambata da ya sani. HT802 ɗin nan za ta yi?

Injiniya_Tumfure:
Ranka ya daɗe, ba za ta yi ba, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Kafar waya a jikin adafta iri biyu ce, a ido kuma ba ka bambance su. FXS ita ke ba da layi, wayar tebur ake soka mata. FXO ita ke karɓar layi daga waje. Kamar soket ɗin bango ne da filogi, ɗaya na bayarwa ɗaya na karɓa. Dan_Bolari FXS kawai yake buƙata. Kai kuwa sai mai FXO, irin Grandstream HT813 ko tsohuwar Linksys SPA3102, kowacce tana da FXS ɗaya FXO ɗaya.

Sai tambaya ta biyu: wane layi za ka soka a FXO ɗin tunda babu layin ƙasa a Bauchi? Turawan da suke wannan haɗin suna da layi a bango. Mu sai dai a nemi rauta mai sim wadda take da kafar waya a baya, irin Huawei B315, a sa sim ɗinka a ciki, a ja igiya daga kafar zuwa FXO. Ko a sayi na'urar da aka yi musamman don sim, wadda ke karɓar SIP ta fitar ta GSM. Kana Guangzhou ka buɗe manhaja, ka kira adaftarka, ta ba ka sautin layi, ka danna lambar yaronka.

Yana aiki, amma ba zan ɓoye maka ba, yana da wahalar saiti. Murya tana ɗan jinkiri, wani lokaci ka riƙa jin amsa-kuwwar maganarka. Wanda ya fi ciwo, in adaftar ba ta gane an ajiye waya ba sai ta riƙe layin a buɗe, ba mai samunka har sai wani a gida ya cire ta daga wuta.

Dalibi_Yelwa:
Ƙari a kan na Injiniya. Babbar matsalar ba adaftar ba ce, isa gare ta ne. Intanet ɗin sim ba ya ba ka adireshin kanka, mutane da yawa ne ke fita ta adireshi guda, CGNAT ake kira. Saboda haka daga waje ba za ka iya ƙwanƙwasa wa na'urar gidanka kai tsaye ba, ko ka buɗe kafa 5060, mashigar da kiran SIP ke bi, a saitin rauta ba abin da zai yi. Mafita biyu ce: ko dai wayar da adaftar su yi rajista a saba ɗaya ta waje su haɗu a can, ko a haɗa su da VPN irin WireGuard ko Tailscale. Mun gwada a ɗaki da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi da manhajar haɗa kira ta Asterisk, ya yi. Amma Sin suna toshe VPN da yawa, Dubai kuma suna toshe kiran intanet sai manhajojin da suka amince da su, irin Botim. Alhaji ya san da wannan kafin ya sayi kaya.

Lauya_GRA:
Alhaji, a tsaya tukuna. Abin da ake kwatanta maka ɗin nan, kira ya taso daga ƙasar waje ta intanet ya fito ta sim a matsayin kiran cikin gida, shi ne ainihin abin da masu akwatin sim suke yi, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daɗe tana yaƙi da shi. A 2018 ta hukunta wasu kamfanoni ta kuma toshe lambobi masu yawa a kan ɓoye asalin kira. Na san su kasuwanci suke yi da ɗaruruwan sim, kai kuwa layinka ne guda don buƙatar kanka. Amma na'urar kamfanin waya da ke farautar irin wannan ba ta san niyya ba, tsarin kiran take dubawa. Kuma layin da NIN ɗinka aka yi masa rajista, shi ne a banki, shi ne a hannun kwastomomi. In aka rufe shi kana Sin fa? Ni dai ba zan sa babban layina a irin wannan ba sai na tambayi kamfanin a rubuce.

Alhaji_MudaLawal:
Barista ka taɓo inda ya dame ni. Layin nan da shi ake turo mini sanarwar kuɗi. In na bar shi a rauta a gida ma ai saƙon banki ba zai same ni a can ba. Bari in sake tunani.

Lauya_GRA:
Na Dan_Bolari kuwa babu wannan damuwar, don daga intanet ne zuwa intanet, bai taɓa layin kowane kamfani ba.

Malama_Jekadafari:
Ni kam ku gafarce ni, duk bayanin nan na ji, amma akwai abin da ba a faɗa ba. Uwa ba murya kawai take so ba. Tawa in ba ta ga fuskar jikokinta a bidiyo ba, ba ta yarda an gaisa ba. Wayar tebur ba ta da hoto. Kuma tsakani da Allah, a ce gida guda ba za a samu mutum ɗaya da zai zauna da tsohuwa ba sai an nemo na'ura? Mu rage dogaro da kayan nan, haƙƙin iyaye ba adafta ce za ta sauke mana shi ba.

Dan_Bolari:
Malama, gaskiya kika faɗa a kan haƙƙi, Allah ya ba mu ikon saukewa. Amma tare muke kwana muke tashi da ita, matata tana gidan in ba ta je aiki ba. Bidiyo kuma ana yi da daddare in kowa ya dawo, gani ne dai ya yi mata ƙaranci. Abin da ya sa na dage shi ne wata magana da ta yi mini. Ta ce ita da ɗanta na fari ba ta isa ta yi magana ba sai ta roƙi jika ya danna mata, ya kuma tsaya a kanta yana jiran wayar. Akwai maganar da uwa ba za ta yi a gaban yaro ba. Matar da ta riƙe gida shekara da shekaru, yau ta koma jiran ɗan firamare kafin ta gaisa da ɗanta, abin yana yi mata ciwo ko ba ta nuna ba.

Maman_Ilham:
Wallahi wannan haka yake. Kakarmu har cewa take a bari kawai, don kada ta dami 'ya'yan mutane.

Malama_Jekadafari:
To na fahimta. Allah ya ƙara mata lafiya. Amma dai kada a daina na bidiyon.

Sani_Solar_Tashan_Dukku:
Kowa yana maganar saiti, ba wanda ya yi maganar wuta. Layin da Baba ya ba da labari daga ofishinsu wutarsa take zuwa, ko an ɗauke wuta a unguwa waya tana aiki. Wannan kuwa abu biyu ne ke son wuta dare da rana, rauta da adafta. Ɗaya ya mutu, wayar ta zama kwalliya. Sauƙin abin ba su da ci. HT802 volt 5 take sha ta ƙaramar kafar USB, fawa bank ma zai riƙe ta, amma a samu irin wanda yake ba da wuta yana kan caji, don wasu suna yankewa. Rauta yawanci volt 12 ce. Akwai ƙananan batura na rauta masu fitar da 5 da 9 da 12 a jiki ɗaya, shi ya fi dacewa. In da sola a gidan ma shi ke nan. A ɗora su a sama inda iska ke shiga, zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ba ya raga wa batir.

Baba_Tsohon_Maaikaci:
Sani ya faɗi gaskiya. Ɗaki guda muke da shi cike da batura saboda wannan. Ku kuma bar mata ƙaramar waya mai maɓalli da sim a kusa. In larura ta taso da dare, Allah ya kiyaye, wannan ta intanet ba za ta kira 112 ko maƙwabci ba.

Dan_Bolari:
In sha Allah Baba. Injiniya, saura tambaya ɗaya. Ita in tana son kiran Yaya fa? Ba za ta iya haddace wata doguwar lamba ba.

Injiniya_Tumfure:
Wannan ma akwai maganinsa, kuma shi na fi so a duk tsarin. A saitin Grandstream akwai gurbin da ake rubuta lambar da za ta kira da kanta da zarar an ɗaga kan waya. Ka sa ta Yaya, ka ba ta jinkirin 'yan daƙiƙoƙi. Hajiya ta ɗaga ta yi shiru, kira ya tafi Ingila. In ƙanwarku take so, ta danna lamba ɗaya da za a ware mata kafin lokacin ya cika. Sai dai a ɓangaren Yaya, wayoyin zamani suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai kira ya zo ba ta farka ba. Ya shiga saitin batir ya cire wa manhajar takunkumi. Da can Android tana da SIP a cikin manhajar kira kanta, an cire daga Android 12, dole sai da manhaja ta daban yanzu.

Hamza_Kaltungo:
Ni na yi wannan haɗin wa mahaifina, kuma ina roƙonka kada ka kai wa Hajiya sai ka toshe kiran bogi. Farkon sawa, tsakar dare wayar ta riƙa ruri, a ɗaga shiru, lamba ta nuna 100 ko 1001. Tsoho ya tsorata ƙwarai, ya ce a fitar masa da ita daga ɗaki. Ashe wasu ne ke sakin manhaja tana zagaya intanet tana laluben na'urorin SIP, don su samu wadda za su yi kiran ƙasashen waje da ita a kan kuɗin mai ita. Akwai wurin da za ka ce wa adaftar kada ta karɓi kira sai daga sabar da ta yi rajista, ka kunna shi. Ka sauya lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. In kuma ka ga kira yana shiga amma ɓangare ɗaya ne ke ji, shiga saitin rauta ka kashe wani zaɓi mai suna SIP ALG. Tun da na yi waɗannan ba mu sake jin komai ba, kullum bayan sallar asuba shi ke kirana da kansa.

Dalibi_Yelwa:
@Hamza_Kaltungo a bayan CGNAT irin wannan laluben ba ya cika isowa. Kai wane intanet ne a gidan?

Hamza_Kaltungo:
Ba na sim ba ne, daga ofishin da ke kusa da mu aka ja mana. Amma ko ma wane iri ne a kunna, ba a biyan kuɗi.

MaiGyara_Wunti:
Kun ga abin da na guda tun farko ko? Saba, asusu, ALG, batir, lambar sirri. Ranar da abin ya tsaya Dan_Bolari yana kasuwa, wa zai gyara? Mu a shago mun san abin da ke dawowa. Har yanzu ina kan bakana: wayar tebur mai sim, shi kuma Yaya ya nemi manhajar da ake sa wa kuɗi a kira lambar Najeriya da rahusa, suna nan da yawa bayan Skype. Wanda ke karɓar fam, wannan ba zai gagare shi ba.

Injiniya_Tumfure:
Sau ɗaya ake saitin, maigida. In ta tsaya, cirewa ne daga wuta a mayar. Kuma muryar da ke biyowa ta waɗancan manhajojin masu rahusa ka san yadda take, ga lambar da ke fitowa wani lokaci ba ta mai kiran ba ce.

Abban_Hafsa_Azare:
Ni dai har yanzu na Bluetooth na ga ya fi sauƙi, tunda babbar wayar tana nan an riga an saya, kuma duk dangi WhatsApp suke da shi, ba Yaya kaɗai ba. Da SIP sai wanda aka buɗe wa asusu ne zai same ta. Ƙannenta da ke Dukku ko Bajoga fa?

Dan_Bolari:
Wannan ma abin dubawa ne, ban yi tunaninsa ba sai yanzu. Na tura wa Yaya duk bayanan nan. Ya ce zai sayo HT802 da akwatin Bluetooth ɗin duka, ya ba wani mai zuwa gida ya taho da su, mu gwada mu ga wanda Hajiya ta fi sakewa da shi. Injiniya, in sun iso zan neme ka ta akwatin sirri, Tumfure ba nisa. Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci.

Injiniya_Tumfure:
Ba damuwa. Ka ce masa ya tabbatar ba kulalliya ba ce, ya kuma haɗo da igiyar RJ11 sabuwa.

Maman_Ilham:
Injiniya kafin ka tafi, mu na Kumo fa? Unguwar kakarmu sabis ɗin data sai an fita tsakar gida ake samu, cikin ɗaki E yake nunawa. Rauta za ta kama, ko mu bi shawarar mai gyara mu sayi mai sim ɗin?

Sani_Solar_Tashan_Dukku:
Hajiya, akwai rauta mai kafar eriya ta waje, a ɗaura eriyar a kan rufi a ja kebul zuwa ɗaki. Ki fara sa wani ya hau sama da waya ya duba ko 4G na kamawa, da layi fiye da ɗaya, sai ki faɗa mana wanda ya kawo.